Hatimin da Aka Kawo daga Masar

Karo na uku ke nan Malam Audi yana haɗa lambobin layin farko, kuma karo na uku jimlar ta ƙi zuwa daidai da ta layi na biyu. Ya shafe zanen da ya yi a ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki takardar ya kai ta bakin hanci. Hatimi ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Shekara talatin yana zana shi: gidaje a jere, kowane gida da harafinsa da lambarsa, in ka haɗa ta kwance ka haɗa ta tsaye, jimla ɗaya za ka samu. Wannan kuwa kowane layi da tasa jimlar. Ga shi kuma an bar wasu gidajen fayau, babu harafi, babu lamba.

Takardar ta Alhaji Jibrin ce, falken goro na Ƙofar Kware, wanda ya dawo daga aikin hajji ta hanyar Masar a wannan shekara ta hijira dubu da ɗari uku da goma. A can ya ga wani kantin magani da mutane ke tururuwa a ƙofarsa tun safe har yamma. Alhaji mutum ne mai lura. Ya dubi mai kantin, bai ga ya fi kowa fara'a ba. Ya dubi kwalaben, bai ga sun fi na maƙwabta ba. Da ya ɗaga kai ya ga wannan takarda a bango, mai gidaje da haruffa da lambobi, nan take ya gane inda kasuwar take fitowa. Kwana huɗu yana zarya kafin mutumin ya karɓi jar fatar Sakkwato guda biyu ya cire masa ita. In ji Alhaji, Bamisiren har dariya yake yi sa'ad da yake miƙo ta, irin dariyar da mutum kan yi don kada a ga zafin rabuwa a fuskarsa.

Gidajen da babu komai ba su ɗaga wa Alhaji hankali ba. Ya san halin malamai. Babu mai ba da sirri a cike. Sai an rage harafi, an danne lamba, don wanda aka ba ya dawo neman ciko. Masar kuwa ba wurin komawa ba ce. Don haka jiya Laraba ya miƙa wa Malam Audi takardar a gaban mutanen zaure. Ya ce ayarinsa zai tashi zuwa Gwanja ranar Asabar, yana so a cike abin da aka rage, a rubuta a allo, a wanke ya sha bayan la'asar ta Alhamis. Ya ƙara da cewa in abin ya yi wa Malam nauyi kada ya takura kansa, Malam Mamman ya leƙa, ya ce ya gane.

Shekara goma sha tara Malam Audi yana zama a hannun daman Alhaji a zauren nan. Wurin bai wuce faɗin buzu ɗaya ba, amma daga nan geron gidansa yake fitowa kowace kaka, da rigar salla, da ɗan girman da ke sa a durƙusa masa a hanya. Malam Mamman kuwa ya shigo gidan ne a shekarun da Alhaji ba ya nan, ta hannun ƙanensa. Rawaninsa ya fi karatunsa tsawo. Tun da Alhaji ya dawo, kullum buzunsa sai ya ɗan matso.

Dijatu, matar Malam Audi, ta ajiye masa kunu, ta tsaya tana kallon zanen da ke ƙasa. Ta tambaye shi abin da ya hana shi rubutawa tun asuba, ya ce lambobin ba su jitu ba. Ta ce to ya jita su mana, ai Bamisiren ba zai zo Sakkwato ya ba da shaida ba. Ya ce mata wannan fanni ne da mata ba su sani ba.

"Awo, ban san shi ba," in ji ta. "Rumbu na sani. Ya kusa ƙasa."

Da ta shige, sai ya bar lissafi ya koma karatu, abin da ya kamata ya fara da shi tun jiya. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, na ɗab'i, ba na hannu ba. Yawancin sunayen da ke gidajen bai taɓa jin su ba: sudiyumu, butasiyumu, kalsiyumu. Jiya Malam Mamman ya ce sunayen rauhanan Masar ne. Amma a tsakaninsu Malam Audi ya fara cin karo da waɗanda ya sani. Ga hadidu, baƙin ƙarfe ke nan. Ga nuhasu, jan ƙarfe. Ga azurfa, ga zinariya, ga dalma, ga kuza, ga farar wuta, kowanne da sunansa na Larabci da gidansa. Ya nemi wuta da iska da ruwa da ƙasa, huɗun da duk hisabi ya tsayu a kansu, bai ga ko ɗaya ba. Ya nemi sunan Allah ko na mala'ika, babu. A can sama an rubuta cewa wannan jadawali ne na asalan abubuwa. Lambobin kuma ba haɗa su ake yi ba. Hawa kawai suke yi: ɗaya, bakwai, tara, sha ɗaya, sha biyu, kamar an jera yaran gida daga ƙarami zuwa babba.

Ya daɗe yana tunani. Littattafansa sun san hukuncin zakkar zinariya, amma ba su san halinta ba. Mutum ɗaya ya sani da ya san halin ƙarafa, kuma shi ne mutumin da ba ya son a gan shi a wurinsa.

Mode maƙerin fari ne a Ƙofar Taramniya, mai ƙera mundaye da zobba. Tare suka fara allo da Malam Audi, shi Mode bai wuce izu biyu ba ubansa ya mayar da shi bakin zugazugi. Malam Audi ya bi ta lungun baya, ya duba hagu ya duba dama, sannan ya sunkuya ya shiga maƙera.

"Allah shi gafarta Malam," in ji Mode, bai ko ajiye guduma ba. "Ɓatan hanya ne, ko Dijatu ta gaji da munduwar aure?"

Malam Audi ya ce ya zo ne ya yi tambaya, ba a tambaye shi ba. Ya zauna nesa da tartsatsi, ya shimfiɗa takardar a gwiwa, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya na tsaye ya gangaro. Ya tsallake baƙin sunaye, ya karanta waɗanda ya sani: jan ƙarfe, azurfa, zinariya. Ya ce me zai haɗa waɗannan a layi ɗaya?

Mode ya ce ai wannan ko makaho ya sani, 'ya'yan ɗaki ɗaya ne. Duka ukun suna karɓar guduma ba su tsage ba, suna miƙewa a ja su kamar zare, tsatsa ba ta cin su kamar yadda take cin baƙin ƙarfe. In an narka su tare, babu mai ƙin wani. Shi ya sa maƙerin da zai ha'inci mace a munduwar azurfa da jan ƙarfe yake ha'intarta. Ya ce shi dai ji yake yi ana faɗa.

Malam Audi ya koma wani layin ya gangaro: kuza, a ƙarƙashinta dalma. A nan Mode ya ajiye guduma ya matso. Ya ce waɗannan ma ɗaki ɗaya ne, masu laushi, ragwaye, wutar dama kunu ma ta ishe su narkewa, da su ake like. Ya ce to wa ya faɗa wa mutanen Masar wannan? Malam Audi ya ce a can saman layin kuma an sa gawayi. Mode ya dubi tulin gawayin da ke gefensa, ya ce to a nan mai rubutun yunwa yake ji.

"Nemo mani tagulla," in ji Mode.

Malam Audi ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi. Babu tagulla.

"Madalla. Da na gan ta nan, da na ce ka kai ma mai ƙosai takardar. Tagulla ba ta da uba. Ni ka yin ta, da jan ƙarfe da kuza."

Sai a lokacin maganar da ke saman takardar ta zauna wa Malam Audi. Asalan abubuwa. Wanda duk aka haɗa shi da hannu, ko ƙasa ta haɗa, ba shi da gida a nan. Waɗanda ba a iya raba su a fitar da wani abu daga cikinsu, su aka jera. Ya duba gishiri da kanwa, su ma babu, ya ce ashe su ma haɗi ne. Mode ya ce wannan kuma tsakaninsa da matan da ke miya.

Suka yi gardama a kan nauyi. Takarda ta ba zinariya ɗari da casa'in da bakwai, ta ba dalma ɗari biyu da bakwai. Mode ya ce ƙarya ne, shekara arba'in yana ɗaga su, zinariya ta fi dalma danne hannu. Malam Audi ya ƙura wa ƙananan layukan da ke ƙasan takardar ido, ya karanta a hankali, yana komawa baya. Ya ce ba nauyin curi ake nufi ba, nauyin ƙwayar zarra ce ta kowane ɗaya, wadda ido ba ya gani. Mode ya ce da wane mizani suka auna abin da ido ba ya gani? Malam Audi ya ce wannan ba maganar maƙera ba ce. Shi ma bai sani ba.

Mode ya zana gidaje a ƙasa da tsinken ƙarfe, ya riƙa ɗebo guntaye daga kaskonsa yana ajiye kowanne inda Malam ya nuna. Malam Audi yana kallon su a jere, ƙarami na bin babba ta kwance, dangi na bin dangi ta tsaye, sai ya ji abin ya buɗe masa gaba ɗaya. Ai haka yake jera kwanakin wata in zai duba wa mutum ranar tafiya. Ka rubuta su bakwai bakwai, ka sauko ka fara sabon layi, duk Jumma'a sai ta faɗo ƙarƙashin Jumma'a. Waɗannan ma haka ne. Kana hawa da nauyi, bayan 'yan taku sai halin na farko ya dawo, sai ka sauko ka fara sabon layi, ɗan'uwa ya faɗo ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ya faɗa wa Mode haka.

Saura gidajen da babu kowa. Layin ƙarshe na ƙananan rubutun ya ce an bar su ne don waɗanda ba a gano ba tukuna. Ya ce a da akwai wasu uku da suke haka fayau, daga baya aka samo masu su, suka zo daidai da nauyi da halin da aka yi musu zato.

"Wato ba ɓoyewa sunka yi ba," in ji Malam Audi. "Su ma ba su sani ba, sunka bar wurin."

"Malamin da ka cewa bai sani ba?" in ji Mode. "Lalle Masar da nisa take."

Malam Audi ya yi kamar bai ji ba. Idonsa na kan wani gida fayau, na bayansa casa'in da shida, na gabansa ɗari da huɗu. Ya ce mai wannan gida, ko yana wace ƙasa a binne, ba zai wuce ɗari ba, kuma zai ɗauko halin wanda ke samansa. Rabon da ya ji daɗin karatu irin wannan tun yana saurayi.

Mode ya koma bakin wutarsa, ya tambaye shi abin da zai faɗa wa Alhaji. Malam Audi ya naɗe takardar, ya ce gaskiya mana. A ransa yana ganin duk Sakkwato babu wanda ya gane wannan abu sai shi, kuma yau za a san tsakanin malami da mai rawani. Bai tsaya kakkaɓe rigarsa ba.

Bayan sallar la'asar zauren Alhaji Jibrin ya cika. Ga madugun ayari, ga dillalan goro, ga maƙwabta da suka zo ganin hatimin Masar. An riga an wanke babban allo, an jingine shi, ga ƙwarya sabuwa da ruwa. Malam Audi ya zauna a wurinsa, ya buɗe takardar, ya yi bayani. Ya yi shi da kyau kuwa. Ya nuna hawan lambobi, ya nuna layin azurfa da zinariya, ya kawo misalin kwanakin wata, har madugu ya gyaɗa kai. Ya ce babu rauhani ko ɗaya a ciki, baƙin sunayen nan duk ƙarafa ne da makamantansu da ba su iso ƙasar Hausa ba. Ya rufe da gidajen da babu kowa, ya ce cike su zalunci ne, masu su na nan tafe.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, yana jan tasbaha.

"To, kasuwa fa, Malam? A wane gida take?"

"Babu kasuwa a ciki, Alhaji."

"Don mi mai kantin ya rataye ta?"

"Don shi san kayan da shika haɗa magani da su."

Alhaji ya riga ya ba duk Ƙofar Kware labarin yadda ya yi wa Bamisire wayo. Ya ratsa sahara da takardar nan a ƙirjinsa, cikin kube, ko barci ba ya cire ta. Yanzu ga malamin gidansa yana faɗa masa, a gaban dillalansa, cewa abin da ya goyo tun daga Masar jerin tarkacen maƙera ne.

Malam Mamman ya gyara murya. Ya ce kada kowa ya ga laifin Malam Audi, babba ne, kuma abin da ya faɗa daidai ne a zahiri. Sai dai kowane hatimi yana da zahiri yana da baɗini. Ƙarafan nan ai dawakin rauhanai ne, shi ya sa aka sa su kusa da masu su. Manyan sunaye ne aka cire daga gidajen nan, don takarda ba ta iya ɗaukar su a kan hanya, shi kuwa an nuna masa su a istihara. Sannan ya juyo cikin ladabi ya ce yana so ya ƙaru: a wurin wane shehi Malam ya ɗauko wannan fassara?

Wani dillali da ke kusa ya shinshina, ya dubi baƙin gawayin da ke gindin rigar Malam Audi, ya ce da alama shehin na Ƙofar Taramniya ne, mai zugazugi. Aka yi dariya, ba mai ƙarfi ba, irin wadda ake yi a cikin rawani.

Alhaji bai yi dariya ba. Bai kuma ɗaga murya ba, don shi ba ya wulaƙanta malami.

"Malam Audi, duk garin ga babu mai hannunka, kuma tawadarka ta fi kama allo. Malam Mamman shi faɗa, kai ka rubuta. Ka koma can bakin ƙofa, ya fi haske. Malam Mamman, matso nan in ji ka da kyau."

Malam Audi ya dubi bakin ƙofa, inda takalma suke. Ya ji kamar ya miƙe ya naɗe buzunsa ya tafi gida. Har ya dafa ƙasa. Sai ya tuna abin da zai tarar a gida, da wadda za ta tambaye shi, da watannin da suka rage kafin kaka. Ya naɗe buzun, ya kai shi bakin ƙofa, ya ture takalma biyu da ƙafa, ya shimfiɗa.

Aka miƙo masa allo. Ya zana gidajen tsaf, ya kwafe kowane suna da lambarsa, bai kuskure ɗigo ba. In ya zo gidan da babu kowa sai ya tsaya, Malam Mamman ya rufe ido, ya motsa leɓe, ya faɗi suna mai tsawo da lamba mai nauyi. Malam Audi ya rubuta na farko yadda aka faɗa. Ya rubuta na biyu. Da aka zo gidan da ke tsakanin casa'in da shida da ɗari da huɗu, Malam Mamman ya ce Barƙatiyumu, dubu bakwai da saba'in da bakwai.

Alƙalamin ya tsaya a sama har tawadar bakinsa ta fara bushewa. Malam Audi ya sake tsoma shi. Ya bar wurin suna fayau, a ƙasa ya rubuta ɗari, ƙarama, a tsakiyar gidan.

Da ya gama aka kai wa Malam Mamman allon ya duba. Ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ya wuce ta kan gidan bai tsaya ba, ya ce haka yake, ba ragi ba ƙari. Ya tofa, ya wanke da hannunsa a cikin ƙwarya, ruwan ya yi baƙi ƙirin.

Alhaji Jibrin ya yi bisimilla ya kafa kai. Ya sha rabi, ya sauke, ya yamutsa fuska, ya ce lalle aikin Masar daban ne, tun a maƙogwaro ake jin ƙarfinsa. Ya ce Malam Audi ya riƙa leƙowa, rubutu ba ya ƙarewa a gidan nan. Sannan ya miƙa wa madugu ƙwaryar, ya ce a kai wa jakunan ayari abin da ya rage, su ma Gwanja za su.